Motar da Ta Ƙi Ɗumi a Hunturun Birnin Zariya

Idan Disamba ta raba tsakiya, iskar arewa maso gabas ta taso daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ɗauke da ƙurarta, ta keto Barno da Kano ta iso ƙasar Zazzau, to, birnin Zariya, wanda dama Allah ya ɗora shi bisa tudu mai tsayin fiye da mita 600 daga teku, yakan shiga wani hali na ɗari wanda baƙon da ya san garin a watan Afrilu kaɗai ba zai gaskata ba sai ya kwana a cikinsa. Ma'aunin zafi yakan sauko ƙasa da digiri 15 da asuba, a wasu darare ma ya kusanci 10; masallata su fito a lulluɓe, rawani har kunne, almajirai su kewaye wutar kara, masu shayi da masu ƙosai na Babban Dodo su yi ciniki, hazo kuma ya rufe ganuwa har mai tsaye a Ƙofar Doka ya kasa hango Tudun Wada sosai. A wannan lokaci ne mai tsohuwar mota yake tuna cewa akwai wani maɓalli a gabansa mai alamar ja da shuɗi, wanda tun bara hannunsa bai kai kansa ba. Ya murɗa shi zuwa ja, ya ƙure fanka, ya zauna jiran ɗumi, sai iska ta fito masa ko dai ba zafi ba sanyi, ko kuma irin wadda ya gudo daga gare ta a waje.

Galibin mutane, idan haka ta auku, sai su yi ko-in-kula, su ce ai mu mutanen ƙasar zafi ne, sanyin na kwana nawa ne, a ƙara riga a kan riga. Wannan magana tana da fuska ga saurayi lafiyayye wanda tafiyarsa ba ta wuce kasuwa ba, amma ba shi kaɗai ke shiga mota ba. Akwai dattijon da za a ɗauko daga Kwarbai ko Limancin Kona tun kafin alfijir don ya sami layin ganin likita a asibitin koyarwa na Shika. Akwai mai jego da jaririnta. Akwai mai asma, da yaron da ke fama da sikila, wanda iyayensa sun fi kowa sanin cewa sanyi yana cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo. Akwai kuma direban haya da ya yi lodi a Kwangila da sassafe zai nufi Kano ko Funtuwa, ya rufe gilasai saboda jaura, numfashin fasinjoji ya taru ya yi raɓa a gilashin gaba ta ciki, ga hazo ta waje, ya dinga tuƙi da hannu ɗaya yana gogar gilas da tsumma da ɗayan, alhali kuwa iska mai ɗumi da za a tura kan gilashin ita ce maganin wannan raɓa, a hunturu da kuma a tsakiyar ruwan Agusta. Bayan waɗannan duka akwai dalilin da ya fi su nauyi a wurina, wanda kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami: ɗumin cikin mota reshe ne na ruwan da ke sanyaya inji, saboda haka rauninsa shaida ce a kan halin da injin kansa yake ciki, kuma sau da yawa ita ce shaidar da take fara magana kafin babbar asara ta zo.

Tsofaffin motocin da ke ratsa lungunan birni, bisa galibi, iri biyu ne. Akwai ragowar Peugeot 504 da 505 da 406, waɗanda kamfanin PAN ya harhaɗa a Kakuri ta Kaduna, inda aka fara aiki a 1975, 504 ɗin ma ba a daina yinta a can ba sai wajen 2006, bayan an daɗe da barinta a Faransa. Akwai kuma 'yan Kwatano, su Golf da Sharan da Vectra da Corolla da Carina da Accord, waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a Jamus da Baljiyam da Holan, ko a Amurka da Kanada, suka yi ta kwararowa ta Jamhuriyar Benin har zuwa farkon 2017 da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. Waɗannan na biyu an ƙera su ne don ƙasashen da ruwa ke daskarewa a titi, inda wajibi ne mota ta iya narkar da ƙanƙarar da ta kwana a gilashinta kafin maigida ya fita aiki. Motar da aka yi da wannan nufi ba ta da wani uzuri na kasa ɗarin Zariya. Idan ta kasa, lalle wani abu ya same ta, ko dai tsufa, ko hannun mutum, kuma abin da na lura da shi shi ne hannun mutum ya fi tsufa yawa.

Kafin a shiga neman illa, ya kamata a san asalin aikin. Man da inji ke ƙonawa, sulusinsa ne kawai, ko ƙasa da haka, yake zama ƙarfin da ke juya taya. Wani sulusin ya fice ta salansa, ragowar kuma ya shige jikin ƙarfen injin a matsayin zafi, wanda in da za a bar shi da ya lalata injin cikin 'yan mintoci. Don haka aka yi hanyoyin ruwa a cikin ƙarfen, aka sa wata-famfo yana tura ruwan, ya kwashi zafi ya kai lagireto a gaba, iska da fanka su huce shi ya komo. Daga wannan kewaye ne aka fitar da ƙananan tiyo biyu, suka huda bangon da ya raba inji da mazaunin mutane, suka shiga wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye bayan dashbod, wanda tsawonsa bai fi taƙi ɗaya da ɗan wani abu ba, shi ne kanikawa ke kira hita. Fankar ciki ta hura iska ta ratsa shi, iskar ta ɗauki zafi ta fito wa mutane. Ke nan ba wani mai na dabam ake ƙonawa don ɗumin ba, zafi ne wanda dama zubar da shi za a yi. Sharuɗɗan samuwarsa kuwa huɗu ne, in ɗaya ya faɗi sauran ba sa wadatarwa: ruwan ya isa, ya yi zafi yadda ya kamata, ya gudana ta cikin hitar, iska kuma ta ratsa ta. Duk binciken bai wuce a gano wanne ne ya faɗi ba, a kuma bi tartibi, daga abin da hannu da ido ke iya gani kyauta zuwa abin da sai an kwance dashbod.

Farko dai kada a yanke wa mota hukunci a kan gajeriyar tafiya. Daga Ƙofar Doka zuwa Fada ba ta isa inji ya yi zafi da safiyar Janairu ba, balle inji mai shan gas, wanda ɗabi'arsa ce jinkirin ɗumama. A ja ta zuwa Samaru ko Ɗan Magaji, ana lura da allurar gejin zafi, sannan a yi magana. A kuma buɗe bonet a tabbata hitar tana nan a haɗe, domin akwai motocin da aka yi don ƙasashen zafi ba tare da ita ba, akwai kuma da yawa waɗanda wani bakanike a shekarun baya ya cire tiyon biyu daga bango ya haɗa su da juna, mai motar na yanzu bai ma sani ba.

Sai batun ruwa, wanda shi ne mafi sauƙi kuma mafi yawa. A motoci da dama hita tana zaune a sama-sama, don haka da ruwa ya ragu ita ce farkon bushewa, tun geji bai nuna komai ba. A duba shi da safe inji na da sanyi, a lagireto da kuma a robar ajiya. Ina roƙon mai karatu da girman Allah kada ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ko da da tsumma ne, domin ruwan yana ƙarƙashin matsi, kuma ƙunar da yake yi a fuska da hannu ba ta gushewa. Shi wannan murfi da ake rainawa yana da babban aiki: a tudun Zariya ruwa zalla yana tafasa a wajen digiri 98, amma murfi mai lafiya, da yake riƙe matsi, yana ɗaga wannan iyaka zuwa wajen 120. Wanda robar murfinsa ta mutu, ko ya maye gurbinsa da leda da roba, ruwansa zai yi ta tafiya a tururi kaɗan-kaɗan. Idan aka tarar ruwan ya ragu, cikawa ba ita ce ƙarshen magana ba, domin ruwan mota ba ya ƙarewa sai da mafita. A nemi farin tabo ko tsatsa a bakin tiyo, a gindin wata-famfo, a kusurwoyin lagireto. Duk kuwa inda ruwa ya fita iska ta shiga, ita ma takan taru a hita ta tare hanya. Alamarta ita ce ƙarar ƙulƙul bayan dashbod idan aka tashi mota, da ɗumin da ke zuwa in an taka totur ya ɗauke in mota ta koma silo. Fitar da ita ba wuya: a tsayar da motar gabanta na kallon tudu, inji na da sanyi a buɗe murfi, a kai maɓalli ƙarshen ja, a tada inji ana ƙara ruwa a hankali har kumfa ta daina fitowa. Irin su Peugeot 406 suna da ƙananan notina na fitar da iska, waɗanda in ba a sassauta su ba ruwan ba ya cika, ko an ga kamar ya cika.

Yanzu mun zo mas'alar da ta fi kowace tsawo, wato tamostat. Al'ada ce da ta game garejojin ƙasar nan, daga Legas har Sakkwato, cewa da zarar mota ta sauka daga Kwatano sai a ce wa mai ita: Alhaji, wannan abu na ƙasar sanyi ne, nan ba ya yi, a cire shi a haɗa fanka dairek a huta. Shi tamostat ɗan ƙaramin abu ne da ke zaune a mashigar ruwa tsakanin inji da lagireto, a cikinsa akwai kaki a rufe cikin kwanson tagulla. Idan ruwa ya kai wani zafi, wanda galibi tsakanin digiri 80 ne da 92 kuma a rubuce yake a jikinsa, kakin ya narke ya kumbura ya tura murfi ya buɗe, idan ruwan ya huce ya koma ya rufe. Aikinsa a jikin inji shi ne aikin sarkin ƙofa a zamanin da ƙofofin ganuwar Zariya suke da ƙyaure, ya rufe sa'ad da rufewa ce maslaha, ya buɗe sa'ad da lokacin buɗewa ya yi. Yana rufe ne ruwa yake kewayawa cikin inji da hita kaɗai har ya yi zafi da wuri. Yana buɗewa kuma lagireto ya karɓi abin da ya yi yawa, ta haka inji yake zama a wajen digiri 90, wanda shi ne mizanin da masu ƙira suka auna komai a kansa, tun daga tazarar da ke tsakanin fistin da silinda har kaurin baƙin mai.

Ban ga adalci a zagin kanikawa a kan wannan ba, domin al'adar tana da asali. Tamostat idan ya tsufa yakan maƙale, in ya maƙale a rufe kuwa inji yakan ƙone a tafiya guda. Ga kasuwa cike da jabu. Ga lagireto da suka toshe da tsatsa. Maigidan gareji na farko da ya ga inji ya ƙone a dalilinsa, bai kuwa da na kirki da zai sa a madadinsa, ya yi ijtihadi gwargwadon abin da ke hannunsa, kuma a zamanin kafireto ɓarnar ba ta fito fili sosai ba. Abin da ya biyo baya shi ne taƙlidi: yaro ya gani a wurin maigidansa, ya yi 'yanci ya buɗe nasa gareji ya koya wa nasa yaran, har aka wayi gari ana cire lafiyayyen tamostat daga lafiyayyar mota ba tare da ta yi laifin komai ba. Malamanmu na usulu sun koya mana cewa hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, in ta gushe ya gushe, kuma wannan ƙa'ida ta dace da gareji kamar yadda ta dace da zaure. Hujjar da ake kafawa da zafin ƙasarmu ba ta tsayawa idan aka duba ta da kyau, domin a tsakiyar zafin Afrilu tamostat mai lafiya a buɗe yake gaba ɗaya, bai tare komai ba. Motar da ke obahitin alhali tamostat ɗinta lafiya lau, ciwonta yana lagireto ne, ko fanka, ko wata-famfo, ko murfi, cire shi kuwa ɓoye ciwon ne kawai na ɗan lokaci. Bal ma akwai injina da yawa waɗanda tamostat ɗinsu, yayin da yake buɗe hanyar lagireto, yana rufe wata gajeriyar hanya ta ciki. In an cire shi wannan hanya ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya dinga komawa inji bai je lagireto ba, sai a sami akasin abin da aka nema.

Asarar kuwa ana biyanta kullum ba a sani ba. Galibin motocin da ake yi tun daga shekarun 1990 suna da kwamfuta da ke karanta zafin ruwa, muddin ta ga inji da sanyi za ta ƙara masa mai, tana zaton yanzu aka tashe shi. Inji marar tamostat kuwa, da safiyar hunturu a kan babbar hanya, yana iya kaiwa Kaduna bai kai zafinsa ba. Filogi su yi baƙi, fetur da ya yi yawa ya wanke mai daga jikin silinda ya gangara ya tsinka baƙin mai, danshin da ya kamata zafi ya kora ya zauna ya zama dagwalo, ƙarfe ya ci ƙarfe kafin lokacinsa. A da, lokacin da fetur ke da araha, mutum yana iya kau da kai. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafi, wannan ya zama almubazzaranci wanda talaka ba shi da halinsa. Alamar cire tamostat, ko maƙalewarsa a buɗe, ba ta ɓuya: a cunkoson PZ allura ta ɗan hau, ɗumi ya zo, da an hau titin Kaduna an saki mota allura ta faɗo ƙasa, ɗumin ya gudu. Wata alamar ita ce lagireto ya fara ɗumama a hankali tun daga tashin inji, alhali kamata ya yi ya jima da sanyi sannan zafi ya shigo shi gaba ɗaya. Wanda ya ciro nasa yana shakka, ya ɗaure shi da zare ya saka a tukunyar ruwa bisa wuta: mai lafiya zai buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe idan an tsamo shi ya huce.

Idan ruwa ya cika, allura kuma ta tsaya a tsakiya, sai a koma ga ƙananan tiyon nan biyu na jikin bango, waɗanda a wurina su ne shaidu mafi gaskiya a duk wannan shari'a. Inji na aiki, maɓalli na kan ja, a taɓa su da hattara, ana nesa da fanbel da fanka, domin fankar lantarki takan tashi da kanta ba sallama. Ƙa'ida ita ce na shiga ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa, na fita ya ɗan gaza shi kaɗan. Idan ɗaya ya yi zafi ɗaya ya yi sanyi, ruwa ba ya ratsawa: ko dai famfon da wasu tsofaffin motoci ke da shi a kan tiyon ya maƙale ko wayarsa ta kuɓuce, ko kuma hitar ta toshe. Toshewar tana da sababi sananne a garinmu. Mutanen birni sun daɗe suna dogaro da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa, abin da aka samu shi ake ɗura wa mota, shekara da shekaru, ruwa zalla ba kulan. Ƙarfe ya yi tsatsa, abin da ruwan ya ɗauko daga ƙasa ya daskare, duka su taru a hanyoyin hita, waɗanda su ne mafi ƙunci a duk motar. Ga kuma abin da akan zuba don toshe yoyon lagireto a hanya, ɗanyen ƙwai ko garin yaji ko hodar kanti, wanda ba ya bambanta hujin da ake so ya toshe da hanyar da ba a so.

Da yawa suna zaton kulan maganin daskarewa ne kawai, don haka ba ruwanmu da shi. Haƙiƙa yana hana daskarewa, amma amfaninsa a wurinmu shi ne sinadaran hana tsatsa da ke cikinsa, da ɗaga iyakar tafasa da yake yi. Idan mai kauri ne ana gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Tsohon samfuri ana canza shi duk shekara biyu, kuma ba a haɗa iri biyu. A saya a wurin wanda aka amince da shi, domin launi kaɗai ba hujja ba ce. Hitar da ta toshe kuwa sau da yawa tana karɓar wanki: a cire tiyon biyu, a tura ruwa ta bakin fita ya fito ta bakin shiga, wato akasin yadda ya saba bi, a yi ta yi har ya fito garau. Sai dai a yi da ruwa mai taushin gudu. Injin wankin mota mai ƙarfi yana iya fasa ta nan take, a koma neman wata a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano.

Idan kuwa tiyon biyu duka sun yi zafi amma iska ba ta ɗumi, to ruwa ya fita daga zargi, laifin yana cikin akwatin iska. A can akwai wani faifai da ke karkata iska, ko ta bi ta hita ko ta kauce mata. A tsofaffin motoci waya ce ke jansa, takan kuɓuce ko ta lanƙwashe, sai a ji maɓalli ya yi sakwa-sakwa a hannu, a na baya-baya kuma ɗan injin lantarki ne, wanda in haƙoransa sun karye ake jin ƙas-ƙas bayan dashbod. Masu Golf 3 da Golf 4 suna da nasu ciwo na musamman: faifan nasu ƙarfe ne mai manyan huji da aka lulluɓe da soso, soson yakan ruɓe da tsufa, ɓarɓashinsa ya dinga fitowa ta kafofin iska, faifan ya zama ba ya tare komai. Wanda ya ga baƙin ɓarɓashi yana sauka a rigarsa idan ya kunna fanka ya riga ya san inda matsalarsa take. Ƙarancin iskar kanta ba ya bukatar dogon bayani. Fankar da ba ta aiki sai a lamba ta ƙarshe, aikin mai rewaya ne, ɗan abin da ke rage mata gudu ne ya ƙone. Wadda ke ƙara ba iska, a duba matatar iska in motar tana da ita, domin ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta cika ta, a kuma share mashigar da ke gindin gilashin gaba, inda ganyen dogon yaro da audugar rimi ke taruwa, ɓeraye ma sukan yi sheƙa.

Akwai illoli biyu da ake fatan kada bincike ya kai gare su. Ɗaya wata-famfo ne da fukafukansa suka cinye da tsatsa, ko na roba da suka saki sandarsu, ya zama yana juyawa ba ya turawa. Ɗayar, wadda ta fi muni, ita ce gasket na tof-silinda ya ƙone, hayaƙin inji ya dinga kutsawa cikin ruwa: ruwa na raguwa ba a ga yoyo ba, kumfa na tasowa a robar ajiya ba ƙaƙƙautawa, farin hayaƙi na fita ta salansa bayan inji ya yi zafi, baƙin mai ya yi fari-fari ya yi kauri, iskar da aka fitar yau kuma gobe ta dawo. Mai irin wannan mota ya ajiye ta har a gyara, kowace tafiya ƙara kuɗin aikin take yi.

Hita kuma takan fashe. Alamunta su ne wani wari mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, da maiƙo a gilashin gaba wanda tsumma ba ya gogewa, da jiƙewar kafet a ƙarƙashin dashbod. Canza ta a motoci da yawa sai an sauke dashbod ɗungurungum, aikin yini guda ko fiye, shi ya sa akan zaɓi haɗe tiyon biyu a wuce wurin. Wannan rukhsa ce ta lalura, ban ga laifinta ba ga wanda ba shi da hali a yau, amma kada ta zama dawwamammiya, domin hita tana da wani amfani da direbobin doguwar hanya suka sani: idan allura ta fara hawa a hawan Jos ko a cunkoso, ƙure hita da fanka, gilasai a buɗe, yana janye wani kaso na zafin inji har a sami wurin tsayawa. A kuma kula da kulan da aka zubar, domin guba ne mai zaƙi da ke lalata ƙoda, kuma a lungunan birni, inda yara da awaki ke yawo a bakin gareji, barinsa a buɗaɗɗen kwano sakaci ne da rai.

Duk abin da ya gabata bai shafi tsohuwar Volkswagen Beetle ba, irin wadda aka harhaɗa a Legas tun daga 1975, domin ita ba ta da ruwa, iska ke sanyaya injinta, ɗuminta kuma daga jikin salansa ake ɗaukowa. In salansar ta huje, hayaƙi yakan biyo ɗumin ya shigo, a cikinsa kuwa akwai iskar nan mai kisa wadda ba ta da launi ba ta da wari, wadda farkon alamarta ciwon kai ne da jiri da barci. Ita ce kuma gawayi ke fitarwa, don haka wanda hitarsa ta mutu kada sanyi ya kai shi ga shigar da kaskon wuta cikin mota, ko kwana a cikinta inji na aiki a rufaffen gareji.

Wanda zai kai motarsa gareji, ya fi masa ya je tun Oktoba, ya kuma je da bayani a bakinsa: yaushe ɗumin ke zuwa, yaushe yake ɗaukewa, ina allura take tsayawa a cunkoso da kan babbar hanya, wane tiyo ne ya yi zafi. Bakanike mai amana yana jin daɗin irin wannan maigida, domin ya rage masa lalube. In an ce za a cire tamostat, ya tambaya cikin girmamawa: Malam, shi ne ya lalace, ko wani abu ne ya sa take zafi? In shi ne, a sa sabo mai lamba daidai da ta asali, a mayar da fanka kan na'urarta ta daina gudu tun daga murɗa makulli, a wanke lagireto in ya toshe, a karɓi tsohon kayan a gani da ido. Bayan gyara, allura ta kai tsakiya cikin minti goma zuwa goma sha biyar na tafiya ta zauna nan, ko a cunkoso ko a kan titin Kano, iskar da ke fitowa kuma ta yi zafin da sai an rage ta. Washegari da safe, kafin a tada inji, a sake duba ruwan a cika, domin ragowar iskar da ta fice cikin tafiyar farko takan bar gurbi.